Sankarar ƙarshen hanji: abin da hoton bayan gashi yake gaya wa likita kafin tiyata

Mutumin da aka gano yana da sankara a ƙarshen babban hanjinsa, aka kuma yi masa makonni na gashi da shan magani, ba a wucewa da shi ɗakin tiyata kai tsaye. Akan sallame shi ya huta kamar wata biyu, sannan a dawo da shi a sake ɗaukar hoton wurin. Da wannan hoto na biyu, haɗe da wasu gwaje-gwaje guda biyu, likitoci ke tsayar da shawarar da za ta bi shi har ƙarshen rayuwarsa: ko a yanke hanjin a sake haɗa shi, ko a cire shi har da dubura a buɗe masa wata mafitar bayan gida a gefen ciki, ko a faɗaɗa aikin ya haɗa da gaɓoɓin da ke maƙwabtaka, ko kuma, ga wasu, a ajiye wuƙa a ci gaba da sa ido.

Ƙarshen hanjin da ake magana a kai shi ne yankin nan mai tsawon santimita 12 zuwa 15 inda bayan gida ke taruwa kafin ya fita. Sankarar da ke fitowa a nan daban take da wadda ke kama bakin dubura, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Wahalar wurin ita ce matsi. Yana can cikin ƙashin ƙugu, kusa da mafitsara da gaɓoɓin haihuwa da jijiyoyin da ke kula da fitsari da saduwar aure, a ƙasansa kuma akwai tsokar da ke riƙe bayan gida. Hanjin yana naɗe cikin wani kitse mai ɗauke da jijiyoyin jini da 'yan ƙullutun kaluluwa, kitsen kuma wani siririn tantani ya lulluɓe shi kamar kunshi. A 1982 wani likitan tiyata a garin Basingstoke na Ingila, Bill Heald, ya bayyana hanyar cire hanjin da kitsensa gaba ɗaya ba tare da an huda tantanin ba. Kafin yaɗuwar wannan hanya, a asibitoci da yawa cutar takan dawo a wurin ga kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa aiki. Bayanta adadin ya sauko ƙasa da kashi 10.

Idan ƙarin ya riga ya ratsa bangon hanji ya shiga kitse, ko ya kama kaluluwa, ko ya matso kusa da tantanin, akan fara da rage masa ƙarfi. Gashi shi ne haska wurin da wani haske mai ƙarfi da ke lalata ƙwayoyin cutar. Akwai dogon tsari na zuwa 25 zuwa 28 cikin makonni biyar zuwa shida tare da maganin kashe ƙwayoyin daji, akwai kuma gajeren tsari na kwana biyar a jere. Wani babban bincike da aka yi a Jamus, aka wallafa a 2004, ya nuna cewa cikin shekara biyar cutar ta dawo a wurin ga kashi 6 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa gashi da magani kafin tiyata, alhali ta dawo ga kashi 13 na waɗanda aka yi wa bayan tiyata. Tun daga nan fara magani kafin aiki ya zama ƙa'ida.

Sai likitocin ɗakin gwaji suka riƙa cin karo da wani abu. A cikin hanjin da aka yanko aka kawo musu, wani lokaci ba sa samun ko ƙwayar sankara ɗaya mai rai. Da tsohon tsarin gashi da magani, hakan na faruwa ga kamar mutum ɗaya cikin biyar ko shida. Da sababbin tsare-tsaren da ke ba da dukkan maganin ko mafi yawansa kafin tiyata adadin ya ƙaru: bincike biyu da aka wallafa a 2021, RAPIDO wanda Holan da Suwidin suka jagoranta da PRODIGE 23 na Faransa, kowannensu ya sami kashi 28 cikin ɗari. Ma'ana, an yi wa waɗannan mutane babban aiki an cire gaɓar da cutar ta riga ta bari. Tambayar da ta biyo baya ita ce ko za a iya gane su tun kafin a yanka.

Hoton farko shi ne ma'auni

Na'urar MRI ita ce ginshiƙin wannan aiki. Tana amfani da maganaɗisu mai ƙarfi da igiyoyin rediyo, ba ta da hasken da ke cutar da jiki, kuma ta fi kowace na'ura iya bambance tsoka da kitse da ƙari a cikin ƙugu. Binciken da ya kafa mata wannan matsayi shi ne MERCURY, wanda likitar hoto Gina Brown ta asibitin Royal Marsden da ke Ingila ta jagoranta, aka wallafa sakamakonsa a 2006. Ya nuna cewa hoton na iya faɗa wa likitan tiyata tun da wuri ko wuƙarsa za ta sami tsaftataccen gefe. Idan tazarar da ke tsakanin ƙari da tantanin nan ba ta wuce milimita ɗaya ba, ana ɗaukar gefen yana cikin haɗari.

Saboda haka ana ɗaukar hoto kafin a fara komai. A nan ake rubuta nisan ƙarin daga dubura, da tsawonsa, da zurfin da ya shiga, da ko ya kutsa cikin jijiyoyin jini, da yawan kaluluwar da ake zargi. Hoton da za a ɗauka bayan magani ba ya karantuwa yadda ya kamata sai an jera shi gefe da gefe da na farko. Likitan da bai san ainihin inda ƙarin ya zauna ba zai iya neman ragowarsa a wurin da ba nan ba ne, ko ya ɗauki kumburin da gashi ya haddasa a lafiyayyen bango a matsayin cuta.

Lokacin ɗaukar hoton na biyu ma yana da tasiri. Gashi yana ci gaba da aiki bayan an kashe na'ura. Ƙwayoyin da ya lalata suna mutuwa a hankali cikin makonni. Idan aka yi gaggawa, za a tarar da kumburi da ƙarin da bai gama narkewa ba, a yanke hukuncin cewa magani bai ci ba. Shekaru da yawa ana jira makonni shida zuwa takwas. Yanzu cibiyoyi da dama suna kaiwa makonni takwas zuwa goma sha biyu, musamman idan ana fatan kauce wa tiyata. Amma jiran na wanda ƙarinsa ke ja da baya ne. Wanda aka ga maganin bai taɓa nasa ba, jinkiri ba ya ƙara masa komai.

Tabo ne ko ragowar cuta

A hoton MRI da aka fi dogara da shi, ƙari mai rai yana fitowa da launin toka-toka. Inda gashi ya kashe shi, jiki yana cike gurbin da tabo mai tauri, wanda ke fitowa baƙi. Idan abin ya yi kyau sosai, ba abin da ke saura sai siririn layi baƙi a bangon hanji, kamar jinjirin wata, daidai inda ƙarin yake a da. Idan bai yi ba, toka-tokan yana nan da girmansa. Waɗannan biyun ba su da wuyar ganewa.

Yawancin marasa lafiya a tsakiya suke, kuma nan ne matsalar take. Tabo mai kauri yana iya zama tabo zalla, yana iya kuma ɓoye 'yan tsirarun ƙwayoyin sankara a warwatse, waɗanda ƙanƙantarsu ta wuce abin da kowace na'urar hoto za ta iya gani. Ƙarin ba kullum yake tsukewa wuri ɗaya kamar ƙanƙarar da ke narkewa ba; sau da yawa farfashewa yake yi, ya bar ɓurɓushi nan da can a cikin bangon. Likitan hoto da ya ga baƙin tabo mai kauri yakan karkata ga cewa akwai saura, domin kuskuren cewa babu ya fi tsada. Wannan taka-tsantsan yana da dalili, sai dai yana sa a kai wasu da suka warke ɗakin tiyata.

Akwai kuma nau'in ƙarin da ke tara yauƙi, da wanda magani ke mayarwa tafkunan yauƙi. Waɗannan suna fitowa fari fat a hoto, kuma na'urar ba ta iya cewa ga yauƙin da ba komai a cikinsa, ga wanda ƙwayoyi masu rai ke iyo a ciki. Da wuya likita ya amince ya bar irin wannan ba tiyata.

Abin da ya rage wannan duhu shi ne wani salon ɗaukar hoto a na'urar MRI ɗin dai, wanda ke auna yadda ruwa ke motsi a cikin tsoka. A lafiyayyen wuri ruwa yana yawo a sake. A cikin ƙari, inda ƙwayoyi suka cunkushe, motsinsa yana takura, sai wurin ya yi haske. Tabo ba shi da cunkoson ƙwayoyi, don haka ba ya haske. Ɗigon haske a tsakiyar baƙin tabo alama ce mai ƙarfi ta ragowar cuta. Wani nazari da ya tattara bincike masu yawa, aka wallafa a 2013, ya sami cewa ƙarfin gano gaskiyar halin ƙarin bayan magani ya tashi daga kusan kashi 50 cikin ɗari zuwa sama da 80 idan aka haɗa da wannan salo. Shi ma yana da nasa tarkon: iskar da ke cikin hanji tana murguɗa hoton, ruwan da ya kwanta a ciki yana iya yin haske na ƙarya, ƙarfen da aka sa wa mutum a ƙugu kuma yana ɓata komai. Shi ya sa wasu cibiyoyi ke ba da ɗan maganin wanke ƙarshen hanji jim kaɗan kafin a shiga na'ura, da allurar da ke sa hanji ya lafa.

Don likitoci su yi magana da harshe ɗaya, ƙungiyar MERCURY ta tsara matakai biyar, daga na ɗaya inda tabo kaɗai ya rage, zuwa na biyar inda ƙarin bai motsa ba. A rahotonta na 2011, kashi 72 cikin ɗari na waɗanda hotonsu ya nuna magani ya ci suna raye bayan shekara biyar, a kan kashi 27 na waɗanda nasu ya nuna bai ci ba. Wannan ya tabbatar da cewa hoton yana faɗin wani abu na gaske game da makomar mutum. Sai dai matakan ba sa dacewa daram da abin da ɗakin gwaji ke gani daga baya, kuma likitoci biyu kan saɓa a kan mataki na biyu da na uku. Yau da yawa sun koma ga rabo uku mai sauƙi: ya ɓace, ya kusa ɓacewa, ko yana nan.

Kaluluwa kuwa da girma ake auna ta. Gashi yana tsuke mafi yawansu, wasu su ɓace. Ƙa'idar da likitocin hoton ciki na Turai suka amince da ita ita ce wadda faɗinta bai kai milimita biyar ba bayan magani a ɗauke ta lafiyayya. Ƙa'ida ce mai amfani, ko da yake ƙaramar kaluluwa ma tana iya riƙe ƙwayoyi.

Sauran na'urori kowace da iyakarta. Hoton CT shi ake amfani da shi a duba hanta da huhu, inda wannan cuta ta fi zuwa idan ta bazu, kuma akan maimaita shi kafin tiyata, domin abin da aka gani a can yana iya sauya dukkan shiri. Amma a bangon hanjin kansa idonsa bai kai na MRI ba. Na'urar duban ciki da sauti da ake zurawa ta dubura tana da kyau ga ƙananan ƙari tun farko, bayan gashi kuwa tabo yana rikita ta. Hoton PET yana bin sawun wani sukari da ake sa wa alama, wanda ƙwayoyin sankara ke zuƙa da yawa, to amma wurin da gashi ya ƙona shi ma yana zuƙar sukarin, don haka ba a mayar da shi gwajin yau da kullum a wannan mataki ba.

Yatsa, kyamara da hoto

Duk da tsadar na'urori, gwajin da ba a tsallakewa shi ne na yatsan likita. Ƙarin da ke ƙasa ana iya taɓa shi, kuma ƙwararren hannu yana jin bambancin bango mai santsi da wanda ke da ƙullutu ko tauri. Sai bututu mai kyamara da ake leƙa cikin hanjin da shi. Alamar da ake fata ita ce farin tabo shimfiɗaɗɗe, wani lokaci da 'yan jajayen jijiyoyi a kansa, ba gyambo, ba tudu. Kyamara tana ganin fuskar bango, MRI yana ganin zurfinsa da abin da ke bayansa. Gutsuren tsoka da za a ɗauka a kai gwaji, idan ya dawo babu cuta, ba ya wanke mutum, domin ragowar takan kasance a can ƙasa inda ɗan bakin na'urar bai kai ba.

Likitoci a Maastricht ta ƙasar Holan sun auna darajar haɗa ukun a wani bincike na 2015. Inda yatsa da kyamara da MRI duk suka ce cutar ta ɓace, maganarsu ta zama gaskiya a kashi 98 cikin ɗari. Inda duk suka ce akwai saura, kashi 15 cikin ɗari an tarar babu komai. Wannan adadi na biyu ne ya sa aka buɗe ƙofa ga rukunin "ya kusa ɓacewa": maimakon a yi musu aiki nan take, akan ƙara musu makonni shida zuwa goma sha biyu a sake dubawa, kuma da yawansu sukan ƙarasa warkewa a wannan tsakani.

Wadda ta fara ƙarfin halin barin irin waɗannan marasa lafiya ba tiyata ita ce Angelita Habr-Gama, likitar tiyata a birnin Sao Paulo na Birazil. A 2004 ta wallafa labarin mutum 265 da aka yi wa gashi da magani, waɗanda 71 daga cikinsu ba a ga alamar cuta a jikinsu ba, aka bar su ana bibiya, kuma makomarsu ba ta gaza ta waɗanda aka yi wa aiki ba. An daɗe ana kallon aikinta da shakku. Sai a 2018 wata taskar bayanai ta ƙasa da ƙasa ta fitar da sakamakon mutum 880 da aka bi ta wannan hanya: cikin shekara biyu ƙarin ya sake tsirowa ga kashi 25 cikin ɗari, kusan duka a bangon hanjin inda ake iya ganinsa, kuma kashi 88 na masu sake tsirowar sun bayyana ne a shekara biyun farko. Cutar ta bazu zuwa wasu gaɓoɓi ga kashi 8. Mafi yawan waɗanda nasu ya dawo ana iya yi musu aikin da aka ɗage tun farko. Binciken OPRA na Amurka, wanda cibiyar Memorial Sloan Kettering ta New York ta jagoranta a kan mutum 324, ya nuna a 2022 cewa da tsarin da ke fara gashi sannan magani, kashi 53 cikin ɗari suna tare da hanjinsu bayan shekara uku.

Abin da ake gudu a tiyatar ba ƙarami ba ne. Wanda ƙarinsa ke dab da dubura yana iya ƙarewa da jakar bayan gida a ciki har abada, abin da ke damun mutane ta fuskar aure da sana'a da tsarki. Wanda aka haɗa wa hanji ma yakan yi fama da yawan zagayawa ko kasa riƙewa, wasu kuma da matsalar fitsari ko raunin saduwa. Duk da haka tiyata ita ce hanyar da aka fi tabbatar da ita, kuma ita ce daidai ga duk wanda aka ga saura a jikinsa.

Mutum ɗaya cikin huɗu da ƙarinsa ke dawowa shi ne dalilin da ya sa kyakkyawan hoto yake zuwa da sharaɗi. Wanda aka bari ba aiki zai riƙa komawa a duba shi da yatsa da kyamara duk wata uku zuwa huɗu a shekara biyun farko, da MRI duk wata uku zuwa shida, da hoton ƙirji da ciki da gwajin jini, sannan a riƙa sassautawa har shekara biyar ko fiye. Amincin hanyar gaba ɗaya ya rataya ne a kan kama ƙarin da wuri idan ya sake tsirowa.

Yadda abin yake a Najeriya

A asibitocin koyarwa na Najeriya, kaso mai yawa na sankarar babban hanji a wannan yanki na ƙarshe ake samunta, kuma masu ita sukan zo a makare, da yawa ba su kai shekara hamsin ba. Jini a bayan gida akan ɗauke shi basur ne, a yi wata da watanni ana shan jiƙo. Saboda haka yawancin waɗanda suka iso suna cikin rukunin da ke buƙatar magani kafin tiyata, su ne kuma masu buƙatar hotunan nan biyu.

Na'urorin gashi ba su da yawa, suna manyan cibiyoyi a birane irin su Abuja da Legas da Ibadan da Inugu da Zariya da Sakkwato. Na'urorin MRI sun fi su yawa, amma ba dukansu ke da ƙarfin da wannan aiki ke so ba. Ana buƙatar mai ƙarfin maganaɗisu tesla 1.5 ko 3, da yanka hoton siri-siri kamar milimita uku, a daidaita shi da kwanciyar ƙarin. Hoton ƙugu na gama-gari da aka ɗauka a ƙaramar na'ura yana iya nuna akwai ƙari, ba zai iya amsa tambayar tabo da ragowa ba. Kuɗin kuma galibi daga aljihun mara lafiya yake fita. Mutumin da ke zaune nesa da cibiya, wanda ba shi da halin maimaita hoto da leƙen hanji sau da yawa a shekara, barinsa ba tiyata yana iya zama haɗari gare shi ko da sakamakonsa ya yi kyau, kuma likita mai gaskiya zai faɗa masa haka.

Akwai wani binciken da ya shafi ƙasar kai tsaye. Haɗin gwiwar asibitin koyarwa na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife da cibiyar Memorial Sloan Kettering ya ba da rahoto a 2021 cewa wani nau'in sankarar hanji, mai lahani a tsarin gyaran ƙwayoyin gado, ya fi yawa a marasa lafiyan Najeriya fiye da na Amurka da aka kwatanta su da su. Wannan nau'in ne aka gwada wa maganin dostarlimab, mai zaburar da garkuwar jiki, a New York, inda rahoton 2022 ya nuna ƙarin ya ɓace ga dukkan mutum 12 na farko da suka kammala karɓar sa, ba gashi ba tiyata. Da MRI da kyamara da yatsa aka tabbatar da ɓacewar. Maganin yana da tsada ƙwarai, kuma sai an gwada tsokar ƙarin kafin a san ko na wannan nau'in ne.

Ɗaukar hoton kansa yana cin minti 30 zuwa 45. Mutum yana kwance rigingine cikin na'ura mai ƙara, ana son kada ya motsa. Mai na'urar bugun zuciya ko wani ƙarfe a jiki ya sanar tun kafin ranar. Wanda aka yi wa hoton farko a wani gari, gashi a wani, tiyata kuma a na uku, kamar yadda yake faruwa ga mutane da yawa, ya karɓi hotunan farkon a faifai, ba takardar rahoto kaɗai ba, ya riƙe su tare da takardar da ke nuna ranar da aka yi masa gashi na ƙarshe, domin daga wannan rana ake ƙirga makonnin.